Rayuwar Mai Awo, Wanda Ya Mayar wa Rafi Gaɓarsa

Haihuwa da Tasowa

An haifi marigayi, wanda jama'a suka fi sani da laƙabin Mai Awo, a shekarar 1946, a tsohuwar unguwar da ke gangaren rafin da ya ratsa tsakiyar gari. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi a cikin gida. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya uku. A wancan zamani ruwan rafin garau yake, a ciki ake wanki, a ciki ake kamun kifi.

Neman Ilimi

Ya shiga firamare a 1953, inda malamansa suka shaide shi da hazaƙa a lissafi da kuma taurin kai. Bayan sakandare ya wuce makarantar koyon aikin safiyo, wato awon filaye da zana taswira, ya fito da takardar shaida a 1967.

Aiki da Aure

A wannan shekarar ofishin filaye na gari ya ɗauke shi aiki. A 1971 ya auri wata malamar firamare, Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar.

Daga 1974 zuwa 1979 gari ya bunƙasa, aka umarce shi da ya yanka fulotai har bakin ruwa. Ya aiwatar da umarnin yadda aka ba shi. Hasali ma shi kansa ya samu fuloti ɗaya ya gina gida, yayansa bakanike kuma ya kafa gareji. Cikin shekara goma rafin ya tsuke ya koma lambatu: jinin mahauta, baƙin man gareji da ledojin unguwa duk a cikinsa suke ƙarewa.

Ambaliyar 1988

A watan Agustan 1988, da la'asar, aka tafka ruwa na sa'a uku. Shara ta toshe kwalbatin babban titi, ruwa ya juyo cikin unguwa, gida goma sha ɗaya suka faɗi, mutum huɗu suka rasu, ciki har da matar wani tela da 'ya'yanta biyu. Washegari Mai Awo ya je yi wa telan ta'aziyya, ya tarar da dutsen iyakar da ya kafa da hannunsa yana tsaye a cikin laka, gidan kuwa babu shi. Ya rubuta wa shugabanninsa takarda har sau uku yana neman a daina rabon fili a gaɓa, ba a ba shi amsa ba. A 1990 ya yi ritaya tun lokacinsa bai yi ba.

Kafa Kwamitin Rafi

A 1991, shi da wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, da shugaban mahauta, da hedimastan makarantar unguwa, suka kafa kwamiti. Kwana tara suka yi suna bin rafin a ƙafa, daga idon ruwa har inda ya fita gari, yana zana kowace magudana da kowane juji. Shawarar da ya fito da ita ɗaya ce: a bar wa ruwa mita goma sha biyar ta kowane gefe, a dasa itatuwa a wurin.

A taron da aka yi a ajin makaranta, wani mai shago ya miƙe ya ce, "Malam, kai ka auna mana, yau kuma kai za ka tashe mu? To fara da naka mu gani." Da safe Mai Awo ya ja tef ɗin awo a gidansa a gaban maƙwabta, awo ya cinye ɗakuna biyu da ɗakin girki. Matarsa ta dube shi ta ce, "Wannan tef ɗin naka ko matarka bai sani ba?" Sannan ta ce a dakata ta kwashe tukwanenta. An rushe ɗakunan a watan Maris na 1992, iyalin suka matsu a ɗakuna biyun da suka rage, kuma kafin ƙarshen shekarar magidanta goma sha tara sun janye katangunsu.

Lamarin gareji ya fi wannan ɗaci. Da kwamiti ya nemi yayansa ya daina zubar da baƙin mai a ruwa, sai ya ɗauki abin a matsayin cin fuska daga ƙani, ya yanke hulɗa da shi har shekara shida, ko sunan jikokinsa bai kira shi ba. Mai Awo bai janye ba, bai kuma daina zuwa gaishe shi ba. A 1998, bayan kwamiti ya sama wa kanikawa fili nesa da ruwa, yayan ya tashi da kansa. Ranar da suka shirya, abin da yayan ya ce masa kawai shi ne, "Kai dai tun kana yaro ba a iya maka."

Sakamakon Aiki

Kowace Asabar mazauna unguwa sukan fito da shebur da baro a yashe kwalbatoci. An dasa gora da ciyawar jema, wadda saiwarta ke riƙe ƙasa, mahauta kuma suka haƙa ramin tace ruwa. A 2007 an yi ruwan da ya zarce na 1988, amma ko gida ɗaya bai faɗi ba. A 2009 aka sake ganin kifi a ƙarƙashin gada. Duk da haka, akwai gidaje kusan talatin a saman rafin da suka ƙi matsawa, kuma marigayi bai taɓa ɓoye cewa wannan ya gagare shi ba.

Ƙarshen Rayuwa

A 2014 ganinsa ya yi rauni, ya miƙa shugabancin kwamiti ga wata malamar kimiyya, ya damƙa mata taswirorinsa duka. Idan aka yabe shi yakan ce, "Ku bar yabon nan, ɓarnata nake gyarawa." Matarsa ta riga shi rasuwa a 2018.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa da hantsin wata Laraba a watan Fabrairun 2021, yana da shekara saba'in da biyar, bayan jinyar mako biyu a asibiti. An yi masa sallah bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar unguwa. Da za a ɗauki makara, wani dattijo mai sanda ya ratso sahu ya nemi a bar shi ya sa kafaɗa. Matasa suka so hana shi saboda tsufa, sai tsohon hedimastan ya ce a ƙyale shi: telan nan ne da ambaliya ta ci iyalinsa.

Ya bar 'ya'ya huɗu, domin na ukunsu ya rasu tun yana ƙarami: babbar 'yarsa ungozoma, mai bi mata direban babbar mota, sai mai gyaran lantarki, da autarsu wadda ke koyar da lissafi, da jikoki goma sha huɗu. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da ya gabata, ya karɓi abin da ya gyara.