Moton da Inna Rabi ta kasa hawa

Jama'a, ku ji abin haushi! Na amso permi, takardar tuƙi, a Madawa, na saida ma Illa maƙwabcina ƙaramin motona, wato babur, na sayo babba. Yau kasuwar Bangi, na hito kabu-kabu ina taƙama. Sai ga Inna Rabi, tsohuwar da kullum nike ɗauka. Ta ɗaga ƙahwa, ba ta kai ba. Ta sake, zane ya hana! Ta ce, "Ɗana, wanga raƙumi ai sai ka gurhwanar da shi." Mata suka kwashe da dariya, ba wadda ta matso. Illa ya iso bisa tsohon motona, ko permi bai da. Ta haye abinta! Ya waiwayo ya ce mini, "Mai permi, tsare mini inuwa, ina dawowa."