Wetaka Mai Zanen Kunne Ɗaya

Shekara talatin da huɗu Wetaka ya yi yana zana kawunan maza a allunan shagunan aski na garin Mbale, kuma bai taɓa zana mutum mai kunne biyu ba. A cewarsa ba rashin iyawa ba ne. Mai aski gefen kai yake tallatawa, saboda haka daga gefe ake zanawa: kunne ɗaya, ido ɗaya, hanci yana duban titi, lamba a ƙasa. Mai son aski ya nuna lamba bakwai, a yi masa abin da ya sawwaƙa.

Da fenti yake aiki, shi kuwa fenti bai san tuba ba. In hannu ya goce, sai a ƙara wa mutumin gemu a wuce wurin.

Ana nan sai wata mata, Nandutu, ta buɗe shagon buga hotuna a bakin tasha, da injin da ke fitar da kawuna ashirin kafin shayi ya huce. Masu aski suka koma can, har waɗanda Wetaka ya yi rawa ranar kaciyarsu. Nandutu ta tausaya masa, irin tausayin da mahauci ke yi wa akuya.

"Tsoho, kawo wayarka in sa maka abin zane," in ji ta. "Ka zana, ni in buga. Ka huta da warin kananzir."

"Da yatsa? Sai ka ce mai lasar miya?"

"Da yatsa. Ka ga 'yar kibiyar nan? In ka yi kuskure ka taɓa ta, layin zai ɓace kamar ba a yi ba."

"Ya ɓace ya tafi ina?"

"Inda cinikinka ya tafi."

Haka ya zama ɗalibi da furfura. Ta nuna masa yadda ake fara fuska daga gaba: da'ira, layi a tsaye, layi a kwance inda idanu za su zauna. Da yamma yakan zauna a benci ƙofar gida yana gwadawa, matarsa Nambuya a gefensa tana ɓare ɗanyar ayabar da za ta dafa. Takan leƙa ta ce, "Maigida, wannan ƙwai ne ko mutum?" Kibiyar nan kuwa ta shiga ransa. Bai taɓa samun abokin aikin da ke yafe masa haka ba.

Wata Asabar da hantsi, yana shagon Nandutu, ruwan da ya yi kwana uku yana zuba a kan dutsen da ke saman garin ya sauko da laka. Ya tafi da layin gidajensu gaba ɗaya, da bencin, da hoton aurensu, da Nambuya. Kwana tara ana tonon laka ba a same ta ba.

Yayanta Mafabi ya yanke magana. Za a binne kututturen ayaba a madadinta, kamar yadda ake yi in ƙasa ta riƙe gawa. "Amma ba na rakiyar ayaba babu hoton ƙanwata a gaba," in ji shi. "Kai ne mai zane, suruki. Jibi ne."

Aka duba wayoyin dangi. Nambuya tana cikin hotuna da yawa, a duk bikin da aka yi: ga bayanta can, ta sunkuya a kan tukunya.

Wetaka ya zauna a kusurwar shagon Nandutu ya ja da'ira. Zanen farko ya kusa fitowa, sai dai idon hagu ya ɗan karkace. Ya taɓa kibiya. Ya gyara idon, sai baki ya ƙi. Ya taɓa kibiya. Duk fuskar da ya goge sai ta tafi da wani abu daga wadda ke ransa. Washegari da rana, in ya rufe ido ya kira matarsa, da'ira ce ke zuwa da layi biyu a gicciye.

Nandutu ta leƙa. "Wannan ai ni ce ka zana, tsoho. Ina na farkon?"

"Na taɓa kibiya."

"Ba ka ajiye ba?"

"Ba ki ce ana ajiyewa ba."

Ta koma wurin injinta.

Ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya lissafa abin da bai taɓa lissafawa ba: shekara talatin, shi da Nambuya ba su cika zama suna fuskantar juna ba. A benci tana damansa, a coci tana damansa. Ya share da'irar. Ya fara daga goshi ya gangaro hanci, ya zo kunnen hagu da ɗan kunne ya taɓa tsagawa. Bai taɓa kibiya ko sau ɗaya ba. Nandutu ta buga hoton ba ta ce uffan ba, wanda a wurinta babbar ta'aziyya ce.

Ranar jana'iza Mafabi ya karɓi hoton ya juya shi.

"Suruki, ƙanwata ce wannan ko lamba bakwai?"

"Ita ce."

"Ina ɗaya idon?"

"Yana ɗaya gefen."

Mafabi zai ƙara magana, sai wata tsohuwa, ƙanwar uwarsu, ta hango kunnen nan ta kurma ihu, sauran mata suka ɗauka. Aka sa hoton a gaba, aka binne ayaba da duk girmamawar da ta dace.

Yanzu Wetaka yana haya a ɗaki guda a bayan tasha, hoton yana rataye a bango. Yana jin kamar Nambuya tana da wani ɗan tabo a kuncin dama, amma ba zai rantse ba, Mafabi ma bai tuna ba. Hoton yana duban ƙofa. Ya gwada tsayawa a kowace kusurwa ta ɗakin, babu inda take kallonsa.