Koriyar Tirelar Ba-Gaggawa

A tashar manyan motoci babu wanda bai san Ba-Gaggawa ba. Sunan kuwa ya dace da shi, domin ya kwashe kuruciyarsa da rabin tsufansa yana jan tirela, amma ko kaza bai taɓa takewa ba. Abokan aiki su wuce shi a guje suna danna masa hon, shi kuma ya ɗaga musu hannu, can gaba ya tarar da su a gefen titi ana yi wa inji fifita. Da gwiwa ta fara ciwo, ido ya fara hazo, sai ya miƙa makulli ya dawo gida. To fa! Mutumin da ya saba da hanya a ce ya zauna a falo. Ya gyara famfon da bai lalace ba, ya kwance fankar da ke aiki lafiya lau, har matarsa ta kira autarsu a waya ta ce, "Ki zo ki nema wa babanki abin yi kafin ya kwance mini gida."

Auta ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta ta cinya, da wasan tuƙin manyan motoci a ciki, da ɗan sitiyarin da ake ɗaurewa a bakin tebur. Ya yi tsaki ya ce shi da ya ja ta gaske ba zai zauna wasan yara ba. Kafin a ce me, sai an kira shi cin abinci sau uku yake tasowa.

Matar ta gaji da kira, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Ta ce, "Shekara da shekaru ina jiranka a bakin ƙofa, yau dai sai na ga inda kake zuwa." Daga ranar ta zama karen motarsa, kuma ita ta raɗa wa kanta sunan. Ita ta zaɓa wa motar wasan koren fenti, ita ta sa aka rubuta "Sai Na Dawo" a jikin ƙofar, kalmar da ya saba barinta da ita. Tana kallon taswira tana yi masa tsiya: "Taka mana, bawan Allah! Har a wasa ma mai keke zai wuce mu?"

Wata rana da yamma sun ɗauko katako za su kai wani gari na bakin teku, sun yi nisa, ta dafe goshi ta ce, "Kaina na sarawa. Faka a gidan man nan, gobe ma ƙarasa." Ya faka. Goben nan asibiti ta kai su. Likita ya duba hotuna ya ce matsalar a ƙwaƙwalwa take. A gaban idonsa ta fara mantuwa, ta manta hanyar kicin, ta manta sunan Auta, daga ƙarshe ta dube shi cikin ladabi ta tambaye shi ko baƙo ne. Wannan tambaya ta fi mutuwarta yi masa ciwo.

An daɗe kafin ya sake buɗe kwamfutar. Da ya buɗe, ga koriyar motar nan a gidan mai da katakonta, yadda suka bar ta. Ya ƙudurta sai ya kai kayan nan. Sai dai wasan ya sabunta kansa ya yi wa kwamfutar nauyi. Ya taka mai, hoto ya daskare, fankar kwamfutar ta kama kuka, motar ta yi tsalle ta tsinci kanta a bakin kwalbati. Shi kuwa ya rantse ba zai kayar da motar da ta yi wa fenti ba. Auta ta bincika ta ce an yi sa'a, irin tsofaffin nan ne da ake iya canja musu furosesa. Bai san mene ne ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya.

Shagon mai gyaran wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, yana warin dalma, matattun kwamfutoci jibge har rufi. Mai gyaran mutum ne mai furfura da surutun tsiya, hannu na aiki baki na aiki. Ya kife kwamfutar, ya zuba ƙananan kusoshi a murfin kwalba, ya ɗaga fanka ya hure gashin da ya toshe ta. Sannan ya zaro wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, bai kai kwalin ashana ba.

Ba-Gaggawa ya leƙo ya ce, "Wannan fa?"

"Ƙwaƙwalwarta ke nan, Baba. Ta tsufa, ta gaji. Sabuwa za mu sa mata."

Tsohon ya dafa kantar shagon.

"Mayar da ita."

"Baba, ai wannan ta fi ta gudu nesa ba kusa ba, in ka ga yadda..."

"Mayar, na ce! Wa ya ce ka taɓa mata ƙwaƙwalwa?" Ya juya ga 'yarsa. "Auta, da saninki? Yanzu in ta tashi ba za ta san motar ba. Ba za ta san komai ba."

Auta ta gane nan take, idonta ya ciko. Mai gyaran ya yi sororo da abin a hannu. Ta matsa ta faɗa masa a taƙaice abin da ke cikin kwamfutar. Ya ajiye abin a hankali, ya nuna wani ɗan akwati a ɗaya gefen.

"Baba, ka yi haƙuri, bakina ne. Ka ga wannan? Nan ne ajiya, duk abin da ta sani yana nan, ko hura masa iska ban yi ba. Wanda na cire aikinsa ja kawai. In ka sauke injin tirela ka ɗora sabo, kayan da ke baya suna zubewa?"

Ba-Gaggawa ya dube shi.

"Inji ne?"

"Inji ne, Baba."

"To don Allah me ya hana ka ce inji? Mutum da furfurarsa yana kiran inji ƙwaƙwalwa!"

Ya yi faɗan ne kawai, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya tsaya a kansa har aka dasa sabon, aka shafa masa farin man da ke rage zafi, aka ɗaure kusoshi. Mai gyaran ya danna maɓallin kunnawa. Allon ya tsaya baƙi ƙirin, fanka ta juya ta tsaya, ta sake juyawa. Auta ta riƙe hannun babanta, ta ji shi sanyi ƙalau. Can sai haske ya kawo. Ta buɗe wasan.

Ga gidan mai. Ga katako. Ga koriyar mota, da "Sai Na Dawo" a ƙofarta.

Tsohon ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya zauna daɓas a kan wata matacciyar firinta, yana dariya hawaye na bin gemunsa. "Alhamdu lillahi. Ta gane ta. Wallahi ta gane ta." Daɗi ya rufe shi har ya shiga sa wa mai gyaran albarka, shi da ya gama yi masa faɗa yanzun nan.

Da suka isa gida ko takalmi bai cire ba. Ya ɗaure sitiyari a tebur, ya jawo kujerar nan ta kusa da tasa ya karkaɗe ta. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana shakka. Ya daki kujerar da tafin hannu.

"Zo ki zauna, motar ba ta tafiya babu kare."

Ta zauna. Ya sa sigina duk da babu kowa a titin, ya fita daga gidan man a hankali, motar na tafiya sumul. Sun ɗan taɓa tafiya Auta ta share ido ta dubi allon.

"Baba, taka mana. Ga mai keke can zai wuce mu."