Gwangwanin Man da Yaya Ya Bari

Motar yayana doguwa ce, tsohuwa, mai canza giya da kanta. Ya saye ta a hannun wani Bature mai harkar katako a garin Owendo, a shekarun da kuɗin fetur suka cika Libreville da sababbin motoci. Duk Hausawan unguwarmu ta PK8 sun yi masa dariya, ni ne kan gaba. Amma da yake bayanta na da tsawo, ita ta zama motar ɗaukar gawa duk ranar da aka yi mana rashi.

Ranar wata Laraba da hantsi zazzaɓi ya tafi da shi. Aka yi masa wanka, aka sa likkafani, liman ya ce bayan la'asar za a kai shi, kada ruwan sama ya riga mu. Aka miƙo mini makulli.

Na tayar da ita, na ja sandar giya, injin ya yi ta kuka, mota ko motsi. Na leƙa ƙarƙashinta, sai ga jan mai ya jiƙa ƙasa. Man giya ya tsiyaye, kuma mutum ɗaya tak ya san irin wanda take sha, ga shi can kwance a ɗaki. Sau nawa ya ce, "Zo ka ga wanda nake zuba mata," ni kuwa ina cewa sai wani jiƙon.

Wani makanike cikin masu zaman makoki ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure tiyon da ya saki. Ni na ruga shagon wani Alhaji, mutumin arewacin Kamaru, mai sayar da kayan mota. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ajiye gwangwani biyu a gabana.

"Duk ja ne, ɗana, amma ba ɗaya ba ne. Wannan na sababbin motoci ne, santsi gare shi. Wancan na wasu tsofaffi ne. In ka zuba mata wanda ba nata ba, a fili za ta yi tafiya lafiya lau, a hawa ne za ta iya sake ka."

"Alhaji, zaɓa mini."

"Wallahi ba zan ɗauki wannan alhakin ba. Marigayi a cikin gari yake sayen nasa."

Hanyar maƙabarta kuwa akwai wani hawa mai tsayi. Na ga motar a raina tana zamewa baya da Yaya a ciki, tasi na ta yi mana oda, mutane na leƙe. Tsoro ya kama ni. Na ɗauko duka biyun na koma gida, ban san abin da zan yi da su ba.

Na duba sandar gwada mai, rubutun jikinta ya goge. Na birkice bayan mota, babu komai sai tabarma da igiya. Hadari ya fara haɗuwa daga wajen teku. Na zauna bakin randa zan yi alwala, na ɗauki abin ɗiban ruwa. Tsohon gwangwanin man mota ne da aka yanke wa kai, Yaya ya lanƙwasa bakinsa don kada ya yanki mutum. Shekara biyu ina alwala da shi ban taɓa kallon jikinsa ba, kuma da shi aka zuba masa ruwan wanka ɗazu. Fentin ya koɗe, amma akwai wani babban harafi a jikinsa, irin wanda ke kan gwangwanin tsofaffin motoci da na ɗauko a shagon Alhaji.

Na zuba mata na tsofaffin a hankali injin na aiki, ina gwadawa, kamar yadda nake hango shi yana yi. Aka yi masa salla, muka sa shi a baya, liman ya zauna kusa da ni.

Da muka iso hawan, na damƙe sitiyari. Na taka a hankali. Ta ɗan yi jim, sai ta kama, ta ja, ta ja, har muka hau kan tudu.

Ban san lokacin da na waiwaya baya ba, na ce, "Yaya, ta hau!"

Liman ya dafa kafaɗata, ya ce, "Dubi gabanka, ɗana. Mu ƙarasa da shi."