Ranar da Tarina Ya Shiga Jarrabawar Maigida

Ko da zan manta duk abin da ya same mu a Malesiya, ban da ranar da maigidana ya zauna kare kundin digirinsa na uku. Har yau in na ji wani yana lacca a kan tausayin marar lafiya, sai na kama bakina don kada dariya ta kuɓuce mini.

Maigidan nawa nas ne. Ya daɗe yana aiki a asibiti a Kano kafin gwamnati ta turo shi Kuala Lumpur ƙaro karatu, ni da yara muka biyo shi, muka kama gida a wani bene a unguwar Sri Petaling. Bincikensa kuwa a kan sauraron marar lafiya ne, wato yadda nas zai tsaya ya ji koken majinyaci kafin ya ɗauki allura. Sunan binciken kaɗai in ya fara karanto shi sai shayina ya huce. Matan 'yan uwanmu da ke can kullum cewa suke na more, wai ina kwana da asibiti a gida. Ni dai murmushi nake yi, don na san in na ce kaina na ciwo amsar da zan samu ita ce, "Ɗan saurara mini, Maman yara, ina tsakiyar babin sauraro ne."

Da korona ta zo aka kulle gari, sai jami'a ta ce ta bidiyo za a yi jarrabawar. Ana saura 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe ni, aka gwada aka ce ita ce. Da yake da sauƙi a farko, sai aka ce in killace kaina a gida. Na koma ƙuryar ɗaki, yara suka koma nasu, shi kuma ya mamaye falo da takardu. Gaskiya bai bar ni da yunwa ba, kullum sai ya yi mana tapau, wato ya sayo abinci a ƙunshe, daga shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi na ƙasan bene, ya ajiye mini a bakin ƙofa. Sai dai kafin in ci sai na biya, domin yakan tsaya daga waje da takunkumi ya gwada laccarsa a kaina. Ina rawar sanyi a cikin bargo yana tambayata ko gabatarwar ta yi tsawo.

Ranar jarrabawa na tashi ƙirjina kamar an ɗora mini turmi. Ya leƙo sanye da kaftani sabo fil, wanda muka yanko yadinsa a titin 'yan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman tun kafin kulle, ga hula ta sha kari. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa gajeren wandon barci ne, tunda a cewarsa kyamara ba ta kaiwa can.

Na ce, "Abban yara, yau numfashin nan da ƙyar nake jawo shi."

Ya ce, "Sannu, sannu," idonsa na kan agogo. Ya turo mini maganin zazzaɓi da kofin ruwa, sannan ya ƙara da cewa, "Don Allah ki daure ki riƙe tarin nan har mu gama. Bangon gidan nan ba kauri."

Ni kuma da kawaicinmu na gida sai na ce to.

Bangon kuwa da gaske ba kauri, ga shi ya ƙure muryar kwamfuta, don haka komai ina ji. Masu jarrabawar suka gaisa da shi, shugabarsu wata dattijuwar farfesa ce 'yar Malesiya, wadda aka ce ta yi aikin jinya tun kafin ta shiga koyarwa. Maigida ya fara zuba Turanci ba ko gargada. Ina kwance ina cusa bakina a matashi, sai na ji ya ɗaga murya yana cewa babban abin da bincikensa ya gano shi ne, idan majinyaci ya ce numfashi na yi masa wuya, wajibi ne nas ya yarda da shi nan take, kada ya jira na'ura ta tabbatar.

Dariya ce ta fara zo mini. Dariyar ta juye ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa. Na miƙa hannu zan ɗauki ruwa, kofin ya faɗi ya tarwatse, ni ma na zame daga gado na bi shi ƙasa.

Sai na ji muryar farfesar tana tambaya wa ke tari haka.

"Iyalina ce, Farfesa. Ɗan tari ne kawai, za mu iya ci gaba."

"Yaya ta ce maka tana ji yau da safe?"

Farfesar ba ta yi faɗa ba. A hankali ta ce, "To wannan ita ce tambayata ta farko. Je ka nemo amsar, muna jira."

Ya miƙe a guje, ya manta kyamara na kunne, manyan malaman jami'a suka sha kallon gajeren wando. Amma da ya buɗe ƙofa ya ga kalar leɓena, wallahi wani mutum na gani daban, wancan nas ɗin da na aura a Kano. Hular ta faɗi bai waiwaye ta ba. Ya ɗaga ni, ya kifa ni rubda-ciki, ya maƙala mini abin auna iska a yatsa, yana duba shi ya kira motar asibiti. Yana ta cewa, "Yi magana, Maman yara, ina jin ki." Ni kuwa a lokacin ba ni da iskar da zan yi maganar.

Na jima a asibiti ana ƙara mini iska. Likitan da ya karɓe ni ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya canza. Ba a barin kowa ya shigo, sai dai ya kira ni ta waya, kuma abin mamaki sai ya yi shiru ya bar ni in yi ta magana, har ƙorafin abincin asibiti yana saurara kamar karatu. Da na ga haka sai na haɗa da tsofaffin laifuffukansa na shekaru, duk ya amsa.

Jami'a ta sake sa masa rana bayan an sallame ni, ya ci jarrabawarsa. Yanzu Dakta ake ce masa, yana koyar da ɗaliban jinya tun da muka dawo gida, kuma na ji ana yabonsa. Labarin nan ne dai bai taɓa ba su ba, ni nake bayarwa in matansu sun kawo mini ziyara.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, mutum zai iya rubuta littafi guda a kan kula da marar lafiya alhali marar lafiyar na bayan ƙofarsa, don haka ilimin jinya sai an gwada shi a kan mai rai ake sanin ya zauna. Ke kuma 'yar uwa, in jikinki ya gaya miki akwai matsala, faɗi da ƙarfi, ki sake faɗi, ko da farfesoshin duniya ne ke taro a falonki.