Layin da Na Ja a Wuyan Buda

Ni ɗan magini ne, kuma tun ina yaro hannuna ya faɗa da zayyana. Karatun addini ne ya kai ni Riyadh a shekarun tamanin. Da hutu nakan yi wa wani mai shagon kayan tarihi a unguwar Badi'a rubutun allon talla. Shi ya nuna mini hotunan tsofaffin kogunan ibada na ƙasashen gabas, bangonsu cike da zanen Buda, wanda mutanen can suke girmamawa: yana zaune kan furen bado, kunnuwa har kafaɗa, hannu ɗaya na taɓa ƙasa. Ya ce in gwada ɗaya. Ba yunwa ta sa ni ba, son a yaba mini ne.

Na kwaɓa laka da ƙaiƙayi yadda babana yake yi, na shafe ta da farar ƙasa, na dama launi da ƙaro na zana Buda a kai, na turara hayaƙi har zanen ya tsufa. Mai shagon kuma yana sayar wa Turawan kamfanoni a ɓoye, wai daga kogo aka ɓanɓaro. Aikin ya yi kyau, har gobe ba zan ce bai yi ba.

Sai dai malaminmu na gida ya taɓa cewa mai zana abu mai rai za a ce ya hura masa rai a lahira, sai in ya raba kai da jiki. Don haka duk Budan da na gama, sai in ja siririn layi in yanke wuyan.

Wani Bature ya nuna nasa ga wata ma'aikaciyar jinya mai bin addinin. Aka ce hawaye ta yi, ta ce wannan jabu ne, babu mai ibadar da zai yanka wuyan Buda. Baturen ya kai ƙara, mai shago ya nuna ni, askarawa suka ɗauke ni.

Mai bincike ya dube ni ya ce, "Ya ɗalib, kana tsoron hoto, ba ka tsoron haƙƙin mutane?"

Na sha ɗauri, karatu ya tafi, aka yi mini tarhil, wato aka koro ni gida.

Masu kirana mai gumaka su ci gaba. Na tuba, kuma ga Allah na tuba, ba gare su ba. Yanzu gini nake yi, ba na ɓoye wa kowa fuskata.

Ku samari masu baiwa a hannu, kar ku tsare ƙaramin zunubi don ku samu natsuwar aikata babba. Haƙƙin mutum ba a yanke shi da layi.