Ranar da Kaka ta Shanye Turancina

Ko da zan manta komai na shekarun samartakata a Ƙofar Dumi, ba zan taɓa manta ranar da na dawo gida na tarar kakata ta shanye mini Turanci ba.

A lokacin na zauna jarrabawar shiga jami'a har sau biyu, Turanci yana kayar da ni. Babanmu, wanda maɗinki ne, ya riga ya yanke hukunci: in na sake faɗi, keken ɗinki na jirana a shagonsa, zancen boko ya ƙare. Ni kuwa ko zare ban iya zurawa a allura ba.

Malamin da ke mana ƙarin darasi a Yelwa ya ce matsalata ƙarancin manyan kalmomi ne. Sai na yi tunani, ni da na yi hadda tun ina yaro, wane irin Turanci ne zai gagare ni? Na samo sabon allo, na jiƙa tawada, na dinga tsinto zafafan kalmomi daga tsofaffin takardun jarrabawa ina rubutawa, kowace da bayaninta na Turanci. Da safe in zauna a tsakar gida, in tanƙwashe ƙafa, ina rangaji ina rerawa da muryar karatun allo.

Kaka idonta ya yi rauni, kunnen ma sai a hankali. Muryar kawai take ji daga ɗakinta. Ashe har ta zaga maƙwabta tana cewa Allah Ya shiryi maigidanta, kamar yadda take kirana, ya watsar da boko ya koma karatu.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa, na dawo daga Yelwa na ga allona jingine a rana, fari fat. Kaka na zaune a tabarma, ga ƙwarya a gefenta.

"Kaka, wa ya taɓa mini allo?"

"Ni ce. Gwiwar nan ta matsa mini. Na ce ga rubutu a gida, me zai kai ni wajen malam? Har maƙwabciyarmu na sam wa."

Na dafe kai. Takardun da na kwafo kalmomin na aro ne, tuni na mayar. Wallahi ji na yi kamar in yi kuka, har ƙarar keken ɗinki na fara ji a kunnena.

"Kaka, Turanci fa kika sha!"

Ta shafa cikinta. Na zaci salati za ta saka. Sai ta gyara zama ta ce, "To, maigida, zauna. Tunda ya riga ya shiga cikina, sai ka faɗa mini abin da na sha. Kar a je da zagi a ciki."

Na karkace na rero mata na farko tiryan-tiryan, har da bayaninsa.

"Da Hausa nake tambayarka."

Na haddace kalmar, na haddace bayanin, amma ban san me suke nufi ba. Na gwada ta biyu, haka. Ta uku, haka. Kaka ta yi dariya har da tari, ta ce ashe ni da ita duk shan rubutun muka yi.

Daga ranar ta hana ni sakat. Kullum da hantsi sai na tuno kalma, na duba ƙamus, na fassara mata. Ita kuma ba ta yarda kalma ta wuce sai ta samo mata mai ita a unguwa. Na ce wannan tana nufin mai surutun tsiya, ta ce maƙwabciyar da suka sha tare ce. Wannan mai maƙo, ta ce mai shagon bakin layi. Wannan mai taurin kai, ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Ubanka."

Ranar jarrabawa na zauna gaban kwamfuta. Ina duba tambayoyin sai ga mutanen unguwarmu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Da na iso kan kalmar mai taurin kai, wato Baba, sai da mai gadin jarrabawa ya harare ni saboda dariya.

Na ci. Da na kai mata labari ta ce mu biyu muka ci, kuma gwiwarta ma ta yi sauƙi, kada in raina rubutun.

Kaka ta rasu ina aji biyu a jami'a, kuma har yau ina kewarta. Yanzu ni ma Turanci nake koyarwa. Duk ɗalibin da ya zo yana fesa mini manyan kalmomi, nakan ce ya je ya faɗa wa kakarsa da Hausa tukuna. Abin da na koya a kan tabarmar nan ke nan: kalmar da ba za ka iya bayyana wa tsohuwar gidanku ba, ba taka ba ce, shan ta kawai ka yi.